Garken da Ba Ya Barin Sawu

Shanun sun ɓace ne ranar da aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye Hashimu ya fito daga bukka, zazzaɓi na kaɗa shi, ya tarar da shingen da ake kwantar da shanun mutanen gari a buɗe, babu ko ɗaya a ciki. Maruƙa na ɗaure a dangwali, igiyar da ake jera su, suna ta kuka. Aka aiko mani, ni Salihu, don ba ni da wata sana'a sai bin sawu, na dabba da na ɓarawo. Na zagaya rugar har ƙafata ta gaji. Ruwa ya share ƙasa tas, kamar ba a taɓa taka ta ba.

Shanun na mutanen Ƙofar Kaura ne, masu shago a Babbar Kasuwa da malaman makaranta da 'yan fansho. Kowa ya sayi ɗaya ko biyu ya ba Hamman kiwo a rugarshi da ke bayan gari. Hamman ya rasu farkon damina, ciwon ciki ya kwantar da shi bai tashi ba, ƙanenshi Hashimu ya ɗauki sandar. A shanun gidansu ba a taɓa ko ɗaya ba sai Kyalla, uwar garken, wadda take kwana cikin na mutanen gari don su natsu. Wannan kaɗai ya isa a fara kallon Hashimu ta gefen ido.

Amma ba satar ce ta tsinka mana ciki ba. An saba da sata a ƙasar nan. Abin da ba a saba da shi ba shi ne wayoyin masu shanun su riƙa cewa shanun suna nan.

Zulaihat, ɗiyar mai unguwa Muttaka, ita ta karanta aikin na'ura, ita ta kawo mana wannan tsari. Kowace saniya an ɗaura mata wata 'yar na'ura a wuya, ba ta fi akwatin ashana ba, mutane na ce mata laya. Ƙananan layun ba su da murya mai nisa. Sai dai su gaya wa layar Kyalla sunayensu, ita kuma ta kai labari ga turakun da aka kafa a hanyar kiwo, turakun su miƙa ma juna har ya iso waya. In ka duba sai ka ga garke na kusa da turken ruga, ko na tsamiya, ko na rafi, da sunan saniyarka a ciki.

Da hantsin ranar, waya ta ce garken na turken tsamiya. A gindin tsamiyar nan aka binne Hamman.

*

Muka ɗunguma, wasu a ƙafa, wasu a mashin. Muka isa muka tsaya. Ciyawa ta kai gwiwa, ba a karya ko kara ɗaya ba. Ba kashin shanu, ba kofato, ba ƙuda. Kabarin na nan da ƙayar da aka rufa mashi. Amma kowa ya duba wayarshi sai ya ga sunan saniyarshi, wai tana nan tare da mu. Wani malamin makaranta ya miƙa hannu a iska kamar mai laluben bango, sannan ya ji kunya ya mai da shi aljihu.

Masu mashin suka watsu don a zagaye dajin. Akwai Mustapha, wanda ke hawa turakun yana goge masu faifan sola. Akwai Abbas, shugaban 'yan sa-kai na unguwa. Akwai Babaji dillalin shanu, aminin marigayi, wanda tun da wani bijimi ya taka mashi gwiwar dama a kara, kasuwar shanu, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba, ko shago zai je sai da mashin.

Ba a jima ba waya ta ce garken ya koma turken rafi. Daga tsamiya zuwa rafi tafiya ce da shanu ke cinye safiya suna yi. Su kuwa sun yi ta kafin mutum ya gama shan ruwa. Sai ga Babaji ya kira mai unguwa, muryarshi na rawa, ya ce shi bai ga komai a rafi ba, amma ya ji an yi irin kiran da Hamman ke yi wa Kyalla.

Ba wanda ya ce a koma gida. Kawai dai na waiga na ga mutane na raguwa, kowa ya tuna da wani uzuri. Washegari waɗanda suka fito ba su kai rabi ba. Bayan nan ba wanda ya ƙara yarda ya doshi tsamiyar, har masu gonakin gefen suka bar ciyawa ta cinye masu dawa. Garken kuwa kullum sai ya bayyana a waya da hantsi, ya yi yawonshi tsakanin tsamiya da rafi, da yamma ya ɓace. Ba wanda ya kai rahoto kara ko ya sa a tsare hanyoyin fita, don ta yaya za ka ce an sace maka abin da wayarka ke nuna maka?

*

Gari ya rabu biyu. Mata da tsofaffi suka ce Hamman ne ke kiwon shanunshi. Maza masu ƙarfi a jika suka ce Hashimu ne ya rufe su da asiri har ƙura ta lafa ya sayar. Abbas ya kama shi, ya sami layu a ɗamararshi, ya ɗaga su sama kamar ya kama kura. Na ce mashi in haka ne ya kama ni ma, don tawa ɗamarar ta fi wannan nauyi. Bai yi dariya ba.

Mai unguwa ya roƙi a bar Hashimu a ɗakin zaurenshi. Abbas ya yarda, amma ya ce ranar Lahadi in shanu ba su fito ba za su tafi da shi daji su tambaye shi. Kowa a unguwar ya san wannan tambaya. Ban taɓa ganin Bafulatanin da aka tafi da shi aka dawo da shi ba.

Na shiga wurinshi. Yana zaune a kan tabarma, ya rame, abincin da aka kawo mashi na gefe ƙuda na bi. Na tambaye shi wa ya san ana raba shanun gari da na gida in za a kwana. Ya ce duk wanda ya taɓa kwana a rugar. Na tambaye shi ko ya ji motsi. Ya ce ruwa na dukan bukka, zazzaɓi na dukanshi, ko giwa ce ta wuce ba zai ji ba. Na matsa mashi, na ce mutane na cewa shi ya ɓoye su.

Sai a lokacin ya ɗago ya kalle ni. "Baba Salihu, in ɓoye uwa in bar ɗanta a igiya yana kuka a kunnena? Mi na zama ke nan?"

Bai tambaye ni batun Lahadi ba. Abin da ya tambaya shi ne ko ana ba maraƙin Kyalla wani abu yana sha.

*

Na je wurin Zulaihat ban tausasa harshe ba. Na ce mata na'urarta maƙaryaciya ce, kuma ƙaryarta za ta kashe mutum. Idonta ya nuna ba ta barci. Ba ta yi fushi ba, ta jawo mani kujera ta juyo kwamfutar wajena, ko da yake ta san ni da rubutun boko sai dai kallo.

Ta ce na'ura ba ta ƙirƙirar ƙarya, abin da aka gaya mata take maimaitawa. Ta ce tun ranar satar babu turken da ya ji ƙananan layun da kunnenshi. Layar Kyalla kaɗai ke magana, ita ke cewa ga su wance da wance tare da ni. Turakun na yarda da ita saboda tana da sunan Kyalla da kalmar sirrin da aka rufe a cikinta.

Na ce to in wani ya san kalmar fa?

Ta ce abin da ke hana ta barci ke nan. In mutum ya sami layar a hannunshi na wasu sa'o'i, ya kai wa wanda ya iya, ana iya buɗe ta a kwashe sunan da kalmar a zuba cikin wata, a mai da ta asalin wuyan saniya kamar ba a taɓa ba. Daga nan akwai Kyalla biyu, turke ba zai bambanta su ba, kuma ta jabun za ta faɗi duk abin da aka koya mata. Ta ce gudun da garken ke yi tsakanin tsamiya da rafi ba na dabba ba ne, ta faɗa wa mahaifinta da su Abbas, aka ce mata ai dama ba dabba ke kora su ba.

Na tambaye ta ko akwai ranar da layar Kyalla ta taɓa yin shiru. Ta bincika. Ta ce sau ɗaya, daga hantsi har bayan la'asar. Ta faɗi ranar. Ranar jana'izar Hamman ce. Ta ce a lokacin ta ɗauka batir ne ya yi sanyi.

Na tashi daga nan na nufi Mustapha kai tsaye, don shi ke taɓa na'urorin, shi ke da mashin, kuma yana cikin waɗanda suka watsu ranar farko. Na same shi a shagonshi na gyaran waya, na ce ya faɗa mani inda yake ranar jana'iza. Ya ajiye abin hannunshi ya ce in tuna wanda ya miƙo mani fartanya a bakin kabari. Na tuna. Shi ya yi haƙa tun safe, shi ya shiga rami ya karɓi gawar, har aka watse yana nan da laka har ƙugu. Ya ce in tsufa ya fara taɓa mani ido in faɗa, yana da tabarau na sayarwa. Na bar mashi shagonshi.

*

Ranar Juma'a da yamma na je rugar. Saudatu, matar marigayi, tana cikin takaba, ta bayan zana muka gaisa. Na yi mata ta'aziyya sabuwa, ta tambayi iyali, na tambayi yara. Can na lura da tsohuwar wayar Hamman a hannunta ta wani tsagin zanar. Ta ce kullum tana bin shanun a ciki. Ta ce mutane na tsoro, ita kuwa tun da aka binne shi ba ta samu barci ba sai da garken nan ya fara fitowa.

Na ce mi ya sa take ganin Hamman ne.

"Ai na san shi," in ji ta. "In azahar ta yi sai su tsaya a tsamiya. In la'asar ta yi su dawo su tsaya. Yau ma ba su fito ba sai da aka sauko masallaci. Bai taɓa wasa da salla ba, Malam Salihu."

Ta faɗa da murya mai daɗi, kamar mai ba da labarin miji da ya tafi fatauci. Na kusa yarda da ita, ba zan ɓoye ba. Amma da na kama hanya sai kaina ya dawo daidai. Saniya na iya kwanciya da azahar ta yi tuƙa, wannan haka ne. La'asar kuwa lokacin da rana ta yi sanyi ne, lokacin da take cin ciyawa kamar za a ƙwace mata. Ko makiyayi ya tsaya salla, shanu ba su tsayawa. Kuma wanda ke kabari an ɗauke mashi Juma'a. Mai rai ne ke zuwa masallaci.

*

Asabar da sassafe na tafi tsamiyar ni kaɗai. Dajin ya yi shiru irin wanda ba na so, ko kurciya ba ta kuka. Na yi wa mai kabarin sallama, na ce mashi aiki ya kawo ni. Sannan na daina neman kofato, na fara neman mutum.

A bakin gonar dawa na sami inda ake tura mashin cikin karan ana ɓoye shi, tayar ta shiga ta fita sau da yawa. Daga nan sawun takalmi ya nufi tsamiya, ƙafa ɗaya na taku, ɗaya na ja. A bayan itacen akwai ɗan rami da ruwan alwala ya ci. Gaba kaɗan an share ƙasa da tafin hannu, an kawar da tsakuwa, kabarin na hannun dama. Na durƙusa. Ga gurbin goshi, ga tafi biyu, ga gwiwa ɗaya. Inda ya kamata gwiwa ta biyu ta sauka babu komai, sai wani dogon layi da diddige ya ja zuwa gefe. Sabo a kan tsoho, tsoho a kan wanda ya fi shi tsufa.

Na daɗe a durƙushe. Na sha yin sahu ɗaya da ƙafar nan a masallacin unguwa, na sha matsa mata wuri.

Amma salla kusa da kabarin amini ba laifi ba ne, kuma Abbas ba zai saki Hashimu don layi a ƙasa ba. Na wuce rugar don in yi wa Saudatu tambaya ɗaya. Kafin in isa na ji wani abu ya canza: maraƙin ya daina kuka.

Kyalla ce tsaye a dangwali, ɗanta na tsotso kamar zai tsinke nonon. Tsinkakkiyar igiya na rataye a ƙahonta, ƙaya ta yayyage mata gefe. A wuyanta an kifa gwangwanin madara a kan layar, an ɗaure da robar taya, shi ya toshe mata murya. Saudatu ta ce da asuba ta ji numfashi a bayan bukka, ta ɗauka shi ne, ta leƙa sai ta ga saniya. Muryarta ba irin ta jiya ba ce. Wayar na hannunta ba ta kallo.

Na ce mata kada ta taɓa gwangwanin sai an kira ta a waya. Sannan na tambaye ta wa ya zauna da shanu ranar jana'iza, da maza duk suka tafi kai gawa.

Ta ce Babaji. Ta ce shi ya nemi a bar mashi, wai zuciyarshi ba za ta iya ganin ana sa Hamman a rami ba. Har ta aika mashi da fura.

Sawun Kyalla sabo ne, ko makaho ya bi. Na bi shi da baya. Yamma ya nufa, inda babu turke ko ɗaya, har wani tsohon ramin da aka taɓa haƙar burji, jar ƙasar yin titi. Na kwanta a kan tudu na leƙa. Shanun na ciki, da wasu mutane biyu baƙi da ban sani ba, an gyara hanyar da mota za ta sauka. Na koma da rarrafe, na sami mai unguwa shi kaɗai, shi kuma ya kira 'yan sanda ba tare da ya gaya wa kowa ba. Daga nan na wuce wurin Zulaihat na gaya mata batun gwangwanin.

*

Bayan la'asar aka taru a zauren mai unguwa, wai za a yanke shawara kan gobe Lahadi. Masu shanu suka cika tabarmi. Abbas da yaranshi na bakin ƙofa da sanduna. Aka fito da Hashimu aka zaunar da shi a tsakiya. Mustapha na jingine da bango. Babaji ya zo a makare, ya kafe mashin a waje cikin sauran, ya shigo ya miƙe ƙafarshi, ya ce an tsare shi a kara. Akwai ɗanyar ciyawa maƙale a bakin wandonshi.

A cikin gari babu turke, shi ya sa garken ke ɓacewa kullum da yamma. Duk wanda ke ɗauke da Kyallar jabu ya san in ya shigo gari ba mai jin ta. Abin da bai sani ba shi ne Zulaihat ta kwance kan wani turke ta zo da shi cikin jaka.

Ta ajiye shi gaban mahaifinta, ta nemi izini ta yi magana. Ta ce kuskurenta shi ne ta bar kowane turke yana yarda da abin da ya ji shi kaɗai. Yau ta sa su riƙa tambayar juna. In suna ɗaya ya amsa a wuri biyu a lokaci guda, to ɗaya na ƙarya. Abbas ya ce ba lacca aka zo ji ba. Ta ce ya yi haƙuri, ta kusa gamawa. Ta kira Saudatu a waya ta ce a cire gwangwanin.

Wayoyin mutane suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Turken ruga ya ce Kyalla na wurinshi. Aka fara salati. Sai Zulaihat ta kunna na jakar, ta juyo da kwamfutar.

"Wannan ma ya ce Kyalla na wurinshi," in ji ta. "Nan, kusa da mu."

Wasu suka ja ƙafafunsu, wani tsoho ya waiga bayanshi. Ta ɗauki na'urar ta fara tafiya a hankali, tana kallon yadda muryar ke ƙaruwa. Ta wuce Hashimu. Ta wuce Mustapha. Ta wuce Babaji ma, ya sauke numfashi. Ta fita ƙofar zaure, muka bi ta da ido, ta ratsa tsakanin mashina ta tsaya a kan ɗaya. Abbas da kanshi ya kwance jakar fatar da ke ɗaure a bayan sirdin. A ciki akwai buta, da carbi, da laya mai kama da ta Kyalla sak, ba ta taɓa ganin wuyan saniya ba.

Babaji ya ce sa mashi aka yi, kowa na iya taɓa mashin a kara. Ya ce a tambayi mai gyaran waya. Ya ce shi da Hamman nono ɗaya ne kawai ba su sha ba.

Na ce haka ne, shi ya sa ya san inda shanun gari ke kwana. Na ba da labarin ranar jana'iza da furar da aka aika mashi. Na tuna masu wa ya ji kiran Hamman a rafi, shi kaɗai, daidai lokacin da garken ya koma rafi. Sannan na ce duk mai so ya zo in kai shi gindin tsamiya kafin a yi ruwa, ya ga inda wani ke sallar azahar da la'asar da gwiwa ɗaya.

Duk zauren ya kalli ƙafar da ke miƙe a kan tabarma. Ya yi ƙoƙarin jawo ta, ba ta jawuwa.

Wayar mai unguwa ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce an sami shanun a ramin burji, an kama mutum biyu, kuma sun riga sun kira suna. Yaran Abbas suka motsa. Mai unguwa ya miƙe ya tsaya tsakani, ya ce ba wanda za a tafi da shi daji daga zaurenshi, jiya bai yarda ba, yau ma haka. Sannan ya juya ya tambayi Babaji yadda ya iya tsayawa kullum a gefen kabarin Hamman, da abin nan a jakarshi, da ƙanenshi a kulle.

Babaji ya ɗago kai.

"Ban taɓa tashi ban yi mashi addu'a ba," in ji shi.

Aka kira magariba, ba wanda ya motsa har ladan ya gama.

*

Hashimu ya fita daga zauren bai kalli kowa ba. Abbas ya miƙo mashi layunshi, ya karɓa ya wuce. A bakin ƙofa ya tsaya daidai inda nake, ya tambaya ko maraƙin ya sha. Na ce ya sha har ya kwanta. Ya gyaɗa kai, ya kama hanyar ruga a ƙafa, wani ya ce zai kai shi a mashin ya ƙi.

Wanda ya yi wa Babaji aikin kwafin layar ba ɗan garin nan ba ne, ban san yadda aka ƙare da shi ba. Zulaihat ta soke sunan Kyalla gaba ɗaya, na gaske da na jabu, ta ba ta sabo. Ta sa duk layar da aka buɗe ta manta kalmarta nan take, kuma duk wadda ta yi shiru ko ta yi gudun da ya fi na saniya, turaku su daina yarda da ita sai an je an gani da ido. Masu shanu suka yi murna. Waɗanda suka fi zagin Hashimu su suka fara kai mashi goro.

Bayan an kwana biyu na bi ta rugar da yamma. An yi ruwa, na san babu abin da ya rage a gindin tsamiya. Saudatu na bayan zana. Muka gaisa, ta yi mani godiya a kan ƙanen mijinta, godiya mai kyau, ba abin da ta rage. Da na tashi tafiya sai ta ce in tsaya.

Ta ce ta san ƙarya ce. Ta ce tun da ta ga gwangwanin ta sani. Amma da ta so a bar mata garken nan na cikin waya ko zuwa ƙarshen takaba.

Daga masallacin bakin hanya aka kira la'asar. Ta tsagin zanar na ga hasken wayar ya kama, ta duba turken tsamiya, ta jira har ladan ya gama, sannan ta kife ta a kan cinyarta.